Naman Jego Daga Tulun Iri

Bazarar bana ta zo da fushi. Tun hantsi bango yake ɗaukar zafi, ruwan randa ya koma ɗumi, kaji su buɗe baki su kwanta gindin darbejiya, ko korarsu aka yi ba sa tashi. A cikin wannan zafin ne jikana Bashiru, ɗan wajen autana, ya dawo hutu daga makaranta da sabon salo. Wai ya daina cin nama, ya daina shan nono, ko ƙwai ba ya taɓawa. Awara yake sayowa a maƙwabta, ya soya da albasa da tattasai, ya zauna yana ci yana yi mini bayanin lafiyar jiki da tausayin dabbobi.

Na ce, "Kai maigida, ni dai na yi asarar miji. Wanda ba shi cin nama, yaushe za shi tuna ya sawo mini?"

Ya yi dariya ya miƙo mini yanka ɗaya. Na tauna, ba laifi, abin da daɗinsa. Amma ina haɗiyewa sai na tashi na shige ɗaki. Yaron ya zaci barkono ne ya yi mini yawa. Bai san na taɓa rayuwa a kan irin wannan abincin ba, a wata bazara da ta fi wannan mugunta, lokacin da ba zaɓi ne ya sa muka bar nama ba.

Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Shagari, ta hanyar Lambara, aka kai ni aure Boɗinga. Farkon aurena zamanin farar hula ne, kuma mutumin yankinmu ne a kan kujerar shugaban ƙasa, don haka mun ga motoci iri-iri, mun ci shinkafar waje, mun zaci haka za a tafi. Sai abu ya fara tsukewa. Sabulu ya ɓace, sukari ya ɓace, rediyo kullum maganar tsuke bakin aljihu. Damina ta zo ta yi gardama, ruwa ya ɗauke gero yana bununi, ya bushe a tsaye. Ciwon bushiya ya faɗa wa shanu, Fulani suna kuka da hawaye a kasuwa, mushe a bakin hanya har ungulu ta gaji. Kafin mu farfaɗo soja sun karɓi mulki, motocin da ke zuwa Shagari suka ɗauke ƙafa kamar an share su.

Mijina Umaru manomin albasa ne. Rijiyoyin fadamarsu suka ƙafe, ya ɗaure 'yan tsummokaransa ya tafi ci-rani Kudu, ya bar ni da cikin fari. Da cikin ya tsufa aka maido ni gidanmu goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Na tarar da Inna ta zube, wuyanta ya yi tsawo. Baba kuwa yana nan yadda na san shi, dogo, mai tsare gida, maganarsa ba ta wuce biyu.

Abincin gidan sau ɗaya ne a yini. Inna ta jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci, ta yi ta sauya musu ruwa kwana da kwanaki kafin su ciwu. Wata rana tuwon dusa da miyar busasshiyar tafasa, wata rana garin rogo da gishiri, wata rana kunu tsararo wanda kana ganin ƙasan ƙwarya ta cikinsa. Awaki an sayar tun da kaka. Kaji sun bi bayansu. Ranar kasuwa ma rumfar mahauta wayam take, ƙuda kaɗai ke zaman jira.

Amma a ɗakin Baba, a jikin bango, akwai manyan tuluna biyu. Ɗaya irin wake ne a cikin toka, ɗaya irin guna. Waken nan ba irin na kowa ba ne, fari ne ƙal, manyan ƙwaya, Baba ya gaje shi daga mahaifinsa, shi ma daga nasa. Duk kaka Baba da kansa yake zaɓen ƙwayar, ya cuɗe da toka, ya liƙe bakin tulun da laka, sannan ya danna tafin hannunsa a kan lakar tun tana ɗanya. Wannan shatin hannun shi ne makulli. Ba mai taɓawa sai shi, ranar shuka. Ko a shekarar nan da gona ta ƙi, ɗan abin da ya tsira bai bari an dafa ba, tulu ya zuba. Na ji da kunnena ranar da wani ƙanensa ya ce a buɗe a ɗan rage yunwa, Baba ya ce, "Ko mutuwa munka yi, a bizne mu a bar tulunan ga a ruhe."

Na haihu a tsakiyar bazara, da rana tsaka, iska ko motsi ba ta yi. Mace ce. Ba zan faɗi sunanta ba, 'yar fari ce, mu ba mu saba ba. 'Yar mitsitsiya, fatarta duk a yamutse, amma kukanta da ƙarfi.

A al'adarmu, 'yan kwanaki da haihuwa gidan miji suke aiko ƙauri, wato ƙafafuwan sa da kai, a dafa su luguf da yajin jego, mai jego ta yi ta ci har jini ya dawo, nono ya kawo. Ranar da ya kamata, surukata ta iso daga Boɗinga a kan jaki, da ɗaurin itace da ƙullin kanwa da 'yar citta. Tsohuwar nan ta durƙusa a gaban Inna ta kasa ɗaga kai.

Ta ce, "Ku yi mani aikin gahwara. Na zagaya har Dingyaɗi, wallahi ko kohwato ban samu ba. Umaru kuma har yau shiru."

Inna ta kama ta ta tayar, ta ce, "Haba, wa ad da shi bana? Itacen ga ma ya hi nama." Ranar suna aka raɗa wa yarinya suna a ƙofar gida, aka yi fatiha, aka ce rago sai Allah ya hore.

Wanka kuwa ba a fasa ba, don Inna ta ce ko ba a ci ba sai an yi. Da asuba Baba zai kora jakin aro zuwa rijiya mai nisa, ya dawo da ruwa ja kamar kunu. Inna ta tafasa shi a babbar tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa mini, safe da yamma. Daga nan in hau gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Ga zafin gari, ga zafin wuta, ga ciki fayau. Ina kwance gumi yana bin kunnena, idona yana ganin duhu-duhu. Kunun kanwar da ake ba ni rabinsa dusa ne.

Sai nono ya fara ja da baya. Yarinya ta kama, ta ja, ta ja, ta saki, ta tsanyara kuka. In mayar da ita ɗayan, haka. Bayan suna kukan ya fara sauka, ya koma kamar na ɗan kyanwa. Maɗigarta ta faɗa. Idonta ya shige. Aka nemi nonon saniya, ina shanun? Aka nemi madarar gwangwani, aka ce sai a birni, can ma sai an kwana a layi. Inna ta riƙa ɗiga mata ruwan kunu da yatsa, tana dawo da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni da bakin magana. Kunyar ɗan fari ta ɗaure ni. A gaban Inna da Baba ba na kallon yarinyar, ba na ɗaukarta sai an miƙo mini, in an ce "ga ta tana kuka" in kawar da kai kamar ba tawa ba. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ban raina ba. Amma wallahi ina kawar da kan ne zuciyata tana tsagewa. Sai in Inna ta fita bayan gida nake jawo ta, in sa kunnena a ƙirjinta in ji ko tana numfashi.

Aka kira Gwaggo Ige, ungozomar da ta karɓi haihuwar, don mata sun fara cewa ko nonon ne mugu. Ta sa na matsa ɗan abin da ya samu a ludayi, ta kamo tururuwa ta jefa a ciki. Muka zuba ido. Tururuwar ta yi iyo ta fita ta kama gabanta.

Gwaggo Ige ta ce, "Nonon ga lahiyatai lau. Yunwa ta ɗai. Ku ba uwar nama, ko ƙashi na a tahwasa mata. In ba haka ba, ni dai ban ga ɗiyar ga tana kai arba'in ba."

Inna ta ce, "Ina munka ga nama, Ige?"

Tsohuwar ta ɗaga kafaɗa, ta ɗauki sandarta ta fita. Inna ta daɗe a tsaye a tsakar gida, rana tana dukanta, hannunta a ƙugu.

Washegari bayan la'asar ta shigo mini da akushi a rufe. Tun kafin ta buɗe ƙamshin ya cika ɗakin, citta da masoro da kimba da barkono, ga hayaƙi-hayaƙi. Romo ne ja, mai yana yawo a kansa, a ciki ga wasu dunƙule-dunƙule masu duhu. Na ɗauki ɗaya na gatsa. Yana da tauri a baya, ciki da laushi, yana cika baki, mai yana fitowa. Ni kuwa tun ina yarinya ba a rufe ni a kan abinci.

Na ce, "Inna, wanga ba nama na ba."

Ta ce, "Wa yac ce miki nama na? Buɗe baki ki ci."

Na ci har na suɗe akushin. Rabon da in ji cikina ya yi nauyi tun ina Boɗinga.

Daga baya na ga yadda take yi, don ƙofar ɗakina tana kallon madafa. Da Baba ya fita neman itace ko ya tafi masallaci, sai ta jiƙa wake ta surfe, ta durƙusa a kan dutsen niƙa ta markaɗe shi da kauri. Ta ɓare guna, aikin da ke cinye farce, ta ɗan soya sama-sama, ta daka har mai ya tsatso, ta matse man a ɗan kasko. Sai ta haɗa tunkuzar gunar da ƙullun waken, ta sa daddawar batso da garin kuka don ya kama jikinsa, ta dunƙula, ta ƙunshe a ganyen kalgo ta dafa. In ya dahu ta kwance, ta shafe da man gunar, ta jera a kan katangar fasasshiyar tukunya a bakin wutar gadona, hayaƙi ya yi ta shigarsa har ya yi duhu ya yi ƙarfi. Sannan ya shiga romon yaji. Ta ce wurin kakarta ta gani, a wata yunwa da aka yi tana ƙarama. Ban taɓa ganin ta kai ko ɓarɓashi bakinta ba, anzarta take ci.

Ban tambayi inda ta samo ba, na ɗauka wurin danginta ne. Sai wata safiya na fito zan zaga, na gan ta tana wanke waken, ruwan ya yi toka-toka. Na leƙa ƙwaryar. Fari ƙal, manyan ƙwaya.

Na ce, "Inna! Waken Baba na!"

Ta ce, "Rage murya."

"Kin hwasa mashi hannu?"

"Hannunai na nan yadda ya bar shi."

Ashe juya tulunan ta yi, ta huda su da wuƙa ta can ƙasa, ɓangaren da ke jikin bango, ta toshe da tsumma. Kullum ta zare tsumman ta tari abin da za ta dafa, ta mayar. Baba yana kwana yana tashi a ɗakin, yana ganin shatin hannunsa a kan laka, hankalinsa kwance.

Na san me tulunan suke nufi. A shekarar ba wanda ke da irin da zai ba wani, ko aro ko kyauta. In ruwa ya sauka ba abin shukawa, yunwar baɗi ta tabbata tun bana. Ga kuma waken kakanni, in ya ƙare ya ƙare ke nan. Na ce, "Inna, in ya gane hwa?"

Ta tsame hannunta daga ruwan, ta dube ni ido cikin ido, ta ce, "In ya gane ni za shi kora, ba ke ba. Na bizne ɗiya ukku kahin in same ki, Kulu. Ban bizne wagga ina kallon abinci cikin tulu. Ke aikinki ci."

Da yamma ta kawo akushi. Na daɗe ina kallonsa. Yarinya tana gefe a kan tsumma, bakinta yana motsi, ba sauti. Na jawo akushin. Ina kuka ina ci, ban bar ko romo ba, kuma har yau ban yi da-na-sani ba.

Ba dare ɗaya abin ya yi ba. Sannu a hankali na fara jin ƙirjina yana nauyi da safe. Wata rana ina wanka sai na ga nono yana ɗiga da kansa a kan cinyata. Na kira Inna da wata irin murya, ta shigo a guje ta zaci faɗuwa na yi. Ta gani, ta ce "Alhamdu lillahi," ta juya ta fita da sauri don kada in ga fuskarta. Yarinya ta fara haɗiya, ana jin ƙwat-ƙwat a maƙogwaronta. Maɗiga ta ciko. Kuka ya dawo da ƙarfinsa har maƙwabta suna cewa wannan ɗiya akwai jaraba. Muka yi arba'in, Gwaggo Ige ta zo ta ɗaga ta sama tana salati. Umaru bai dawo ba, don haka na ci gaba da zama a gida, Inna kuma ta ci gaba da zare tsumma, don da ta tsaya kwana biyu nonon sai ya fara ja baya.

Ni kuwa na koma tsoron abin da duk gari ke roƙo. Mutane suna fita roƙon ruwa, ni ina kallon gabas ina tuna ranar da za a buɗe tulunan. Azumi ya kama a cikin wannan zafin, maza suna kwance a zaure kamar an zare musu laka. Sai ga hadari ya haɗo wata la'asar, baƙi ƙirin, iska ta kwashe danni, ruwa ya sauka har da ƙanƙara. Ƙamshin ƙasa ya tashi, yara suna tsalle tsirara, kwaɗi suka fito daga inda ba a sani ba. Da safe kowa ya fita shukar gero. Namu irin geron yana rataye a dami a saman ɗakin Baba, shi Inna ba ta taɓa ba. Gero ya tsiro, aka ƙara samun ruwa mai kyau, lokacin wake da guna ya yi.

Da hantsi ne. Ina zaune a bakin ƙofata, yarinya tana kan tabarma kusa da Inna, ita kuma tana tsince dusa. Baba ya shiga ɗakinsa da ƙwarya. Muka ji ya yi bisimilla, muka ji ƙarar fasa laka. Sai shiru. Hannun Inna ya tsaya a kan faifai.

Ya fito da tulun waken a rungume, abin da da sai mutum biyu. Ya ajiye a tsakar gida, ya zura hannu har kafaɗa, ya zaro, toka zalla. Ya kifar da tulun, toka ta zube, ya baza ta da yatsunsa yana lalube, ba komai sai 'yan fasassun ƙwayoyi. Nan ya ga hujin, da tsumman a ciki. Ya zare shi ya warware. Yankin tsohon zanen Inna ne, kowa a gidan ya san shi. Ya koma ɗaki, muka ji ya ƙwanƙwasa na gunar, tulun ya amsa da ƙarar wofi.

Inna ta ajiye faifai, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta durƙusa. Ta ce, "Ni ta, Malam. Ba kowa ba."

Baba bai dube ta ba. Yana tsaye, toka har gemunsa, jijiyar wuyansa tana harbawa, leɓensa ya bushe da azumi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Can ya ce, "Miƙo mani ita."

Inna ta ɗauki yarinyar ta miƙa masa. Tunda aka haife ta bai riƙe ta ba, na sani gudun sabo yake yi da abin da ya zaci ba mai zama ba ne. Ya karɓe ta da hannuwan nan masu toka, ya ɗan ɗaga ta yana jin nauyinta. Ta kama gemunsa ta ja. Ya ce, "Ke, matar ga tawa, tun ba ki yi haƙori ba kinka cinye ni?" Wasan kaka da jika ne, amma muryarsa ta karye a tsakiya.

Sai ya juyo gare ni, abin da uba ba ya yi wa 'yarsa a kan ɗan fari. Ya ce, "Kulu, tana ƙoshi?"

Kunya ta ce in sunkuyar da kai in yi shiru. Ban yi ba. Na ce, "Tana ƙoshi, Baba."

Ya tako har inda nake ya sa mini ita a cinya da kansa. Ya shiga ɗaki ya fito da kalmensa na noma a kafaɗa. Ba gonarmu ya nufa ba. Gonar Na'Allah ya nufa, maƙwabcinmu da ya sayo iri a birni, zai yi masa ƙwadago a biya shi da ɗan jan wake, shi da bai taɓa sunkuyawa a gonar wani ba tunda aka haife shi. Farin waken kakanninmu daga ranar ba a sake ganinsa a gidanmu ba.

Ya kai bakin zaure ya tsaya, bai waiwayo ba. Inna tana nan a durƙushe cikin toka.

Ya ce, "Tashi, Hajara. Kin kyauta da ba ki tambaye ni ba. Da kin tambaya, da na hana."